GIDAN DA BA SHI DA ƘYAURE

Na san wasunku za su buɗe wannan shafi su ce, "To, yau kuma marubuciyar tamu wasan yara ta koma?" Ku yi haƙuri ku bi ni har ƙarshe, don ni ma da fari raina abin na yi, sai da ya zaunar da ni.

Da Babbar Sallar 2023 ƙanena Sadiƙu ya zo mana hutu Bebeji daga Kano inda yake karatu. Kwana biyu da zuwansa na lura 'yata Ummi, wadda a lokacin shekararta goma, ta daina bin ƙawayenta yawon Sallah, kullum tana maƙale a kafaɗarsa sun ƙura wa waya ido. Da na leƙa sai na ga wata irin duniya wadda komai nata kamar bulo yake. Ƙasa bulo, itace bulo, tunkiya bulo, hatta ranar da ke sama kusurwa huɗu gare ta.

Na ce, "Sadiƙu, wannan kuma wane irin shirme ne?"

Ya ce, "Haba Yaya, Minecraft fa ke nan. Duniya kaf ta san shi."

Ashe gaskiya ya faɗa. Wani mutumin ƙasar Suwidin mai suna Markus Persson ne ya ƙirƙiro wasan a 2009, kamfanin Microsoft ya saye shi a 2014 a kan dala biliyan 2.5, kuma zuwa 2023 an sayar da kwafi sama da miliyan 300. Ni da nake buga littafi kwafi dubu ɗaya in shekara ina jiran cikon kuɗina, da na ji wannan lissafi sai na ja bakina na yi shiru.

Bari in bayyana wa wadda ba ta taɓa gani ba. Ana jefa ki ne a tsakiyar daji hannu rabbana. Ki sari itace ki yi katako, ki haɗa gatari da diga, ki fasa dutse, ki gina wurin kwana kafin rana ta faɗi. Yini da daren wasan gaba ɗaya minti 20 ne, saboda haka magariba ba ta da nisa. A jikin allo akwai zukata goma, su ne lafiyarki, da cinyoyin nama goma, su ne ƙoshinki. Da duhu ya shiga sai dodanni su fito. Akwai gawa mai tafiya da suke kira zombi, akwai ƙwarangwal mai kwari da baka, akwai gizo-gizo ƙato, sannan akwai wani kore marar hannu, kirifa, wanda yake laɓaɓowa bayanki ba motsi, ya yi wata 'yar ƙara kamar an zuba ruwa a garwashi, ya fashe da ke da ginin da kika sha wahala a kai.

To kafin a fara, wasan yana ba ki zaɓi na matakai huɗu. Da Turanci aka rubuta su, amma mu a gidanmu mun raɗa musu suna: Zaman Lafiya, Sauƙi, Tsaka-tsaki da Tsanani. A kan wannan zaɓi ne duk labarina ya ta'allaƙa.

Ranar da Sadiƙu zai koma, Ummi ta yi ta magiya har ya saka mata wasan a wayata. Ni kuwa na ga yadda take zabura duk sanda ƙwarangwal ya harbo kibiya, don haka na ce, "Ka mayar da shi inda babu dodo ko ɗaya. 'Yata ba za ta kwana tana firgita saboda waya ba." Ya taɓe baki, ya sa mata Zaman Lafiya. A wannan mataki dodanni ba sa fitowa, yunwa ba ta kama mutum, in ma kin ji ciwo nan da nan zukatan suke cikowa da kansu.

A nan sai na faɗa muku wani abu game da kaina. Ummi ita ce ta tsaya mini bayan biyu sun koma. Duk wadda ta taɓa wabi ta san irin riƙon da ake yi wa wanda ya rayu. Har ta kai shekara goma ban taɓa barin ta ta matsa kusa da murhu ba, ban taɓa ba ta wuƙa ta yanka albasa ba, rijiya kuwa ko leƙe. Maƙwabta su yi magana, dangin babanta su yi, ni dai in ce ai yarinya ce, lokaci na zuwa.

Wata biyar Ummi tana gini a Zaman Lafiya, kuma wallahi ta yi abin kallo. Ta sami wani tafki ta sa masa suna Tiga, saboda babanta ya taɓa kai su suka ga madatsar ruwan nan da aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo. Dajin da ke bayan tafkin ta kira shi Falgore. Ramin da take haƙo ƙarfe ta kira shi Riruwai, don ta ji ana ba da labarin kuzar da aka haƙa a can Doguwa. A bakin ruwan ta tayar da gida irin namu na Hausa, da zaure, da tsakar gida, da ɗakuna bakwai, har da bene.

Wata rana tana zagayawa da ni cikin gidan sai na ce, "Ummi, ina ƙyauren?"

Ta ce, "Umma, ƙyaure na mene ne? Ai ba mai shigowa."

Na yi dariya na wuce. Ban lura ba cewa fitila ma a ɗakinta kawai ta sa, sauran ɗakunan duhu ne ɗunɗum. Ba rumbu, ba gona, ba ko loma ɗaya a ajiye, tunda wanda bai taɓa jin yunwa ba bai san amfanin tanadi ba. Shanun da ta killace ado ne kawai.

Daga baya sai na ga ta fara gajiya da wasan. Ta ɗauka ta juya ta ajiye. Ashe akwai abubuwa da yawa da sai a jikin dodanni aka fi samunsu. Ƙashin da ake niƙawa a yi takin gona daga ƙwarangwal yake fitowa, zaren da ake ɗaura baka daga gizo-gizo, kuma hanyar zuwa ƙarshen wasan, inda ake karawa da babban dodo mai fukafukai, kusan a toshe take ga wanda ya zauna a Zaman Lafiya. Na rufe mata ƙofar tsoro, ban san na haɗa da rabin wasan ba.

Da hutun Disamba Sadiƙu ya dawo, ya tarar Innarmu ma ta zo daga Tudun Wada da 'yar tsarabar shinkafarta. Ya karɓi wayar ya ga gidan Ummi, ya ce, "Kai, wannan ai gidan 'yartsana ne." Ba tare da ya gaya wa kowa ba ya shiga ya mayar da matakin Tsanani, ya miƙa mata, ya koma gefe yana ƙunshe dariya.

Ina tankaɗe na ji ihunta. Dare ɗaya tak. Zombaye suka shigo ta zauren da ba ƙyaure kamar an gayyace su biki. Wasu ma a can ƙuryar gidan suka tsiro, domin a wasan duk inda aka bari ba haske, nan dodo yake fitowa ko da a cikin ɗaki ne. Kirifa ya tashi da rabin zaure. Aka kashe ta, kayan da ke jikinta suka watse a ƙasa, kuma doka ce in ba ki koma kin kwashe cikin minti biyar ba sun ɓace. Ta koma, aka sake kashe ta. Ta gudu daji, cinyoyin naman nan suka yi ta raguwa, ba ta ma san yadda ake cin abinci a wasan ba. Ta jefar da wayar a kan tabarma tana kuka har da shessheƙa.

Na yi kan Sadiƙu kamar zan cinye shi. Yana ta cewa, "Yaya, wasa ne fa, wasa ne." Inna tana zaune tana jan carbi, sai da muka gaji ta sa aka yi mata bayanin abin da ya faru dalla-dalla. Ta gyaɗa kai ta ce, "Ku duka biyun ba ku kyauta mata ba. Ke kin hana ta sanin dare, shi kuma ya ɗauke ta ya jefa tsakar dare."

Sannan ta kamo hannuna na dama ta juya shi, ta nuna tabon da ke wuyan hannun. Ta ce, "Wannan a ina kika samo?"

Na ce, "Wajen turarar shanshera mana, Inna."

Inna da turarar shinkafa ta riƙe mu, kamar matan Tudun Wada da yawa. Ina shekara bakwai aikina korar kaji daga shanya. Ina tara aka ba ni iza wuta. Sai da na kai sha biyu ta bar ni na kwashe shanshera daga tukunya, ranar ce kuma tururi ya lashe ni. Tana tsaye a kaina abin ya faru, ta sa mini magani, washegari ta sake miƙo mini ƙwarya.

Ta ce, "Ina gani na bari kika ƙone da kaɗan, don kada wata rana ki ƙone da mai yawa a gidan da ba na nan. Ke wannan yarinya haka za ki kai ta ɗakin wani, ko ashana ba ta iya ƙyastawa ba?"

Maganar ta yi mini zafi, don a gaban ƙanena aka faɗe ta. Daren nan ban yi barcin kirki ba. Amma gaskiya ɗaci gare ta, kuma na san Inna ba wayar take nufi ba.

Da safe na zauna da Ummi da Sadiƙu, na ce ya karanta mana bambancin matakan tsakani da Allah. Ga abin da na fahimta, ko zai amfani wata. A Sauƙi dodanni suna fitowa amma dukansu ba ya da ƙarfi, yunwa kuma ba ta wuce ta cinye rabin zukatanki. A Tsaka-tsaki duka ya fi zafi, yunwa tana kai ki har ya rage saura rabin zuciya ɗaya, sai dai ba ta ƙarasa ki. A Tsanani yunwa kisa take, kuma zombi yana iya ɓalle ƙyauren katako ya shigo, sai na ƙarfe ne ya fi ƙarfinsa. Ko a Zaman Lafiyar ma ana mutuwa in an faɗo daga tsauni, ko an nutse a ruwa, ko an taka narkakken dutse mai wuta. Abin da ya fi kwantar mini da hankali shi ne ana iya sauya matakin a kowane lokaci, ba sai an rushe abin da aka gina ba.

Muka sa Sauƙi. Abu na farko da Ummi ta yi shi ne ƙyaure. Ta haɗa sanda da gawayi ta yi fitilu ta bi kowane lungu ta kafa. Ta share fili ta shuka alkama, ta koyi yin burodi, ta cika akwati da shi. Sadiƙu ya gaya mata kirifa yana tsoron kyanwa, ta bi wata da ɗanyen kifi har ta saba da ita, ta zaunar da ita a zaure. An kashe ta sau da yawa, amma yanzu in an kashe ta sai ta ce, "Laifina ne, na yi dare a waje," ta tashi a kan gadonta ta ruga ta kwaso kayanta. Bayan wata biyu ita da kanta ta zo ta ce, "Umma, a ƙara mini, wannan ya yi mini sanyi." Muka koma Tsaka-tsaki.

A satin da aka sa Sauƙi ni ma na miƙa mata ashana. Hannuna har rawa yake. Muka fara da ruwan shayi, muka koma kunu, muka koma dafa-duka. Ranar da ta fara tuƙa tuwo gudaji ya fi tuwon yawa, babanta ya cinye tas yana cewa bai taɓa cin irinsa ba, kuma bai yi ƙarya ba. Ta ƙone a ɗan yatsa sau ɗaya. Na ji kamar a ƙirjina aka ɗora garwashin, na sa mata magani, washegari na sake miƙa mata muciya.

Da a nan labarin ya tsaya, da sai in ce muku Zaman Lafiya matakin banza ne, kowa ya guje shi. To ba a nan ya tsaya ba.

Da daminar 2024 ciwo ya kwantar da Inna, muka yi sati shida a wani asibiti a Kano, ni ce mai jinya. Wadda ta taɓa jinya ta san daren asibiti. Tabarma a gefen gado, sauro, nishin marasa lafiya, ga lissafin kuɗin magani yana yawo a kai. Barci ya ƙaurace mini. Wani dare wajen ƙarfe biyu na ɗauko waya, ba data, ba wanda zan kira, sai idona ya faɗa kan wasan Ummi. Na buɗe sabuwar duniya, aka tambaye ni mataki, ko tunani ban yi ba na danna Zaman Lafiya.

Ban gina abin a-zo-a-gani ba. 'Yar bukka ce da gonar alkama da tumaki huɗu. In shuka, in jira, in girbe, in sake shukawa. A can ba abin da yake lalacewa, ba wanda yake nishi, duk abin da na ajiye a nan nake tarar da shi. Rabin awa nake yi zuciyata ta sauka, in duba numfashin Inna, in samu in rintsa.

Rannan Sadiƙu ya kawo mana abinci ya gan ni. Ya ce, "Yaya, ke ma? Kuma a matakin ragwaye?"

Na ce, "Sadiƙu, dubi gadon nan. Abin da nake gadi a nan ya ishe ni, ba sai na nemi ƙari a waya ba."

Ya sunkuyar da kai, bai sake cewa komai ba.

A wannan tabarma na gane abin da ya shige mini duhu. Matakin ɗaya ne, amma ni ya zame mini magani, Ummi kuwa ya so ya zame mata cuta. Ita rayuwarta a lokacin ba ta da ƙaya ko ɗaya, ni na tsince mata su duka, don haka tana buƙatar wurin da za ta yi kuskure ta ji zafinsa kaɗan. Ni kuwa ƙayar ta yi mini yawa, inuwa nake nema. Wanda ya yini a rana ba a yi masa gorin zaman inuwa.

Sati shidan nan kuwa, wa kuke jin ya riƙe gidana a Bebeji? Ƙanwar babansu tana leƙowa da rana, amma abincin safe da na dare Ummi ce, tana shekara sha ɗaya, ita ce har wankan ƙaninta. Da Inna ta ji haka a waya, murmushi ta yi, ta ce a gaya wa takwararta ta rage gishiri. A ƙarshen daminar Allah ya karɓi abarsa. Allah ya jiƙanta, ya jiƙan namu da naku baki ɗaya.

A watan Oktoba na shekarar aka kawo wa masu waya wani salon wasan da ya fi Tsanani, wanda rai ɗaya ake ba mutum, in ya mutu shi ke nan, ba dawowa, sai dai ya leƙa duniyar da ya gina kamar baƙo. Sadiƙu ya zo yana ɗoki zai nuna mini. Na ce ya bar shi, wannan darasin na riga na karɓe shi a inda ya fi waya.

To 'yar uwa, in ɗanki ko ƙanwarki ta kawo miki waya ta ce wane mataki za ta zaɓa, ga abin da na koya da kuɗina da hawayena. In yaro ƙarami ne ƙwarai ko yau ya fara, bar shi a Zaman Lafiya ya koyi riƙe gatari, amma kwanaki kaɗan, kada ya zama mazauni. Da kin ga ya daina ɗoki, ko ya gina gida ba ƙyaure, lokacin Sauƙi ya yi. Tsaka-tsaki ki bari shi ya roƙa da bakinsa. Tsanani kuwa kada kowa ya danna wa wani shi a ɓoye, ko da wasa, don abin da Sadiƙu ya yi saura ƙiris ya sa Ummi ta bar wasan har abada. Ki sa masa lokaci, kada ya ci sallah ko karatu ko aike. Ki kuma sa ido in ya ce zai shiga wasa da mutanen intanet, domin a can akwai baƙin da ba ki san su ba, akwai kuma kayan da ake saya da kuɗin gaske.

Ku kuma 'yan mata, kada kunya ta sa ku ɗauki abin da ya fi ƙarfinku don a ce kun iya. Na san mata da yawa da suke ƙin karɓar taimako, ga ciki ga goyo ga surfe, wai kada a ce musu ragwaye, har jiki ya zo ya ƙi. Ranar da kika ji kin gaji, rage wa kanki. Ranar da kika ji kin yi ƙarfi, ki ƙara. Wasan yara ma ya bar wannan ƙofa a buɗe.

A watan Satumba na 2025 muka kai Ummi makarantar kwana. Ni da a da ko zaure ba na barin ta ta fita ita kaɗai. Muna shiga ɗakin kwanansu na ga ta duba sakatar ƙofa, ta gwada tocilarta, ta ja kwaɗon akwatinta sau biyu ta tabbatar ya kama. Ni ce na yi kuka a mota, ita hannu kawai ta ɗaga mana.

Da daddare gidan ya yi mini faɗi. Na ɗauko waya na buɗe duniyarta, wadda na daɗe ban leƙa ba. Gidan yana nan a bakin Tiga, an gyara zauren, ƙyauren ƙarfe a gaba, fitilu reras har bayan gida, kyanwa tana zaune a inda aka bar ta. A jikin bango ta kafa wani ɗan allo ta rubuta: "Umma, burodi yana cikin akwati. Ki shigo kafin magariba."

Na shiga na duba matakin. Ta mayar mini da shi Zaman Lafiya kafin ta tafi. Har yau ban sauya ba, ina jira ta dawo hutu mu yi shawara.